Canon 90D ko R7? Mu dai mun ce a sayi tsohuwar, a zuba sauran kuɗin a ido



Akwai gardamar da ta daɗe tana yawo tsakanin samarinmu masu sana'ar hoto, waɗanda suka gaji da tsayawa kan buki da suna kawai, suke son su fita daji su ɗauko tsuntsaye, itatuwa da tafkunan yankinmu. Gardamar a kan kyamara biyu ce, duka na kamfanin Canon: EOS 90D da EOS R7. Wasu sun yi adashi, wasu sun sayar da ɗan rago, wasu kuma wani yaya ne a Libiya ko Aljeriya ya ce a faɗi wadda ake so ya aiko da kuɗi. Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne, sau ɗaya ake samun irinsu. Shi ya sa muka ga ya dace mu sa baki.

Ra'ayinmu ba ɓoyayye ba ne. R7 ta fi 90D, wannan ba mu musu. Amma ga mai ɗaukar hoto da ke zaune a Bande, Waca, Guci ko Dogo-Dogo, wanda kuɗinsa ƙidayayyu ne, mu 90D muke ba shi shawara, ta hannu mai lafiya, ya kwashe abin da ya rage ya sayi dogon ido. Ga dalilanmu, kuma za mu faɗi har da inda hujjarmu take da rauni.

Da farko, don waɗanda ba 'yan sana'a ba. Irin wannan kyamara kashi biyu ce. Akwai uwar, wato gangar jikin da ake riƙewa, mai batir da kati da farantin da ke kama haske. Akwai kuma idon, gilashin gaba da ake ɗaurawa a cire, wanda masu hoto na Nijeriya ke cewa lensi, namu na nan su ce objektif. Uwa daban ake saye, ido daban. Duk gardamar da ake yi a kan uwa ake yin ta, alhali ido shi ne ke jawo tsuntsun da ke can tsakiyar tafki ya zo gabanka.

90D ta fito a 2019, R7 a 2022. Dukansu farantinsu girma ɗaya ne, ɗigon hoto kuma miliyan 32.5 kowacce. Ma'ana idan shamuwa ta tsaya cak a kan sheƙarta, aka ɗauke ta da ido iri ɗaya, aka ɗora hotunan biyu a Facebook, sai mai tsananin lura ne zai ce wannan na wannan ne. Bambancin yana cikin gini. 90D mai madubi ce: hasken da ya shigo ta ido yana bugun wani ɗan madubi ya hau zuwa kafar leƙe, abin da idonka ke gani shi ne ainihin abin da ke waje. R7 ba ta da madubi, kafar leƙenta ɗan ƙaramin talabijin ne a ciki. Wannan ya ba ta dabaru masu yawa. Tana gane tsuntsu da kanta, ta nemo ƙwayar idonsa ta liƙe masa duk inda ya karkata. Tana ɗaukar hoto 15 a daƙiƙa ɗaya, har 30 idan aka sa ta a yanayin da ba ta ƙara, ita kuwa 90D 10 take yi. Tana da abin da ke rage rawar hannu a cikin jikinta. Tana cin kati biyu, 90D ɗaya. Ta kuma fi sauƙin nauyi kaɗan, giram 612 a kan 701.

Kun ga ba mu rage mata komai ba. To me ya sa muke juya mata baya?

Kuɗi ne na farko. Ranar da suka fito, uwar 90D dalar Amurka 1,199 ce, ta R7 kuma 1,499. Wannan na R7 ya haura jaka 800 na sefa tun a can, ba a sa kuɗin kawowa ba, ba a sa na duwan ba, kuma ko ido ba a ɗaura mata ba tukuna. Yau da Turawa da Larabawa suka raja'a kan marasa madubi, suna ta sakin masu madubi a kasuwar kayan hannu, har da idanunsu. Shugaban Canon da kansa ya faɗa a ƙarshen 2021 cewa 1D X Mark III ita ce ta ƙarshe a jerin manyan kyamarorinsu masu madubi. Masu goyon bayan R7 suna kawo wannan magana a matsayin hujjar cewa mai madubi ta mutu. Mu kuma muna ganin labari ne mai daɗi gare mu, domin abin da masu kuɗi suka saki shi ke faɗowa daidai tsawon hannunmu. Kyamara ba ta daina ɗaukar hoto don kamfani ya daina ƙera ƙannenta.

Yanzu a duba abin da ke faruwa da wanda ya zuba duka kuɗinsa a R7. Zai dawo gida da uwa mai tsada da ɗan gajeren idon da ake haɗawa da ita. Ya je bakin tafki, kirinjijiya suna can nesa, ya ɗauka, ya dawo ya buɗe hoton, sai ya ga ɗige-ɗige baƙaƙe a kan ruwa. Dabarar gane idon tsuntsu ba ta da amfani idan tsuntsun duka bai kai ƙwayar gero ba a cikin hoton. Tsuntsayen yankinmu kuma ba na gidan zu ba ne. Sun san danƙo, sun san tarko, sun san bindigar toka. Fakara ba za ta tsaya ka matso ba, zabon daji ma haka. Abin da ake bukata ido ne mai tsawon milimita 400 zuwa sama. Akwai Sigma 150-600 wanda nauyinsa ya kusa kilo 2, akwai irinsa na Tamron, akwai tsohon Canon 400 mai lamba 5.6 da ya fito tun 1993 kuma har gobe masu hoton tsuntsu suna yabonsa. Duk waɗannan kai-tsaye suke hawa bakin 90D. Kuma saboda farantin kyamarorin nan biyu ƙarami ne, tsawon ido yana ninkuwa sau 1.6: mai 400 ya yi aikin mai 640, mai 600 ya yi aikin mai 960. Da irin wannan, daga gindin giginya kana iya ƙirga ɗinya da dani da ke hayin can.

Don adalci, Canon ta yi wa marasa madubi wani ido mai sauƙi, RF 100-400, wanda ya fito a 2021 kan dala 649, nauyinsa giram 635 kacal. Wanda ke da kuɗin R7 da wannan ido gaba ɗaya, sabbi, ya samu kaya mai kyau, ba mu ce a'a ba. Sai dai a haɗa lissafin a gani: an haura dala dubu biyu. Mutum nawa ne a cikinmu suke da wannan a hannu?

Na biyu, wuta. Nan ne muke ganin masu kallon bidiyon Turawa a YouTube suna mantawa da inda suke zaune. A gwajin da kamfanonin kyamara suka yarda da shi, caji ɗaya na 90D yana ba da hoto kamar 1,300 idan ta kafar leƙe ake aiki. R7 kamar 500 take bayarwa. Amma ko wannan adadin bai faɗi duka labarin ba. Hoton namun daji yawancinsa jira ne. Za ka zauna awa biyu kana leƙe, ba ka danna komai ba. A 90D leƙen kyauta ne, ko a kashe take kana ganin abin da ke gabanka, ta zame maka tabarau mai jawo nesa. A R7 kowace daƙiƙa ta leƙe batir take ci, domin talabijin ɗin nan na ciki sai da wuta. Kada mu manta da watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba ƙasarmu bayan juyin mulki, aka yi wata da watanni sai a Maris na 2024 aka maido. Ko ba wannan ba, ƙauyukanmu nawa ne suke da layin wuta? Mai zuwa Malawa ko Yekuwa ya kwana biyu, da abin da ya cika a jaka zai dogara.

Ga inda masu R7 suke da gaskiya: ita ana iya cajin batirinta a cikinta ta wayar USB, idan fawa bankin na kirki ne mai ƙarfin da take so. 90D ba ta yin haka, sai an cire batir an sa a caja. Mai sola a gida wannan zai yi masa daɗi. Amma akwai 'yan cajojin batirin Canon masu aiki da USB, ba su da tsada, kuma batir biyu a aljihu sun ishi mai 90D kwanaki. Mun auna, mun ga ɓangaren wuta har yanzu na tsohuwar ne.

Na uku, ƙura da zafi. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da tsuntsayen Turai suke sauka a ruwayenmu, shi ne kuma lokacin da hazo ke rufe gari, ƙura ta shiga har cikin tukunyar da aka rufe. Duk sanda aka cire ido, cikin kyamara a buɗe yake. A 90D madubi da labule suna gaban faranti. A R7 ma an yi dabara, labulenta yana rufewa idan an kashe ta, to amma sai wanda ya tuna ya kashe kafin ya cire, kuma labulen nan abu ne marar ƙwari, ɗan yatsa ya taɓa shi an shiga uku. Maganar gaskiya, a wannan fage ba wadda ta tsira. Dokar ɗaya ce: a ɗaura ido a ɗaka, kada a cire shi a daji, a kuma naɗe kyamara cikin zane a kan moto. Zafi kuma, littafin kowaccensu ya ce iyakar aikinta digiri 40 ne. Mu da muka san Afrilu da Mayu sai mu yi dariya. Kowacce aka saya, ba a barin ta a rana, ba a barin ta cikin mota a rufe.

Inda bambancin yake shi ne ranar da ta lalace. Yamai tana da nisan kusan kilomita dubu daga nan, Kano kuwa ga ta nan bayan Babura. Masu gyaran kyamara na Kano sun shekara da shekaru suna buɗe Canon masu madubi, batirinsu da cajarsu da murfinsu duk ana samu a kasuwa, domin su ne masu hoton buki suka daɗe suna riƙewa. Sabon ƙira kuwa kayan gyaransa sai an yi oda, a jira. Mu mutanen bakin iyaka mun san darajar abin da makaniken kusa ya san cikinsa. Ai shi ya sa ba kowace irin mota ake kawowa nan ba, komai kyanta.

Akwai kuma hujjar da muke ganin ita ce ta yanke gardamar. Idon da ka saya wa 90D yau, gobe idan Allah ya buɗa ka sayi R7, zai hau kanta da wani ɗan zobe da Canon ke sayarwa. Na Canon suna aiki lafiya lau, na wasu kamfanoni wani lokaci sukan ɗan yi gardama wajen kama saiti, amma suna hawa. Batirin ma gida ɗaya ne, na 90D yana shiga R7. Amma idon da aka yi wa R7 ba ya hawa 90D ko ta ƙaƙa. Wato wanda ya fara da tsohuwar bai rufe wa kansa ƙofa ba, kuɗin da ya zuba a ido suna nan. Uwa takan tsufa cikin 'yan shekaru, a yi sabuwa a manta da ita. Ido mai kyau kuwa, kun ji wanda aka ƙera tun 1993 har yau ana nemansa.

To, duk wannan maganar ƙarfe ce da gilashi. Tambayar da ta fi damunmu ita ce: hoton me za a ɗauka, kuma don wa?

Idan aka ce hoton namun daji, tunanin yaranmu Kenya yake tafiya, zaki na bin barewa. Idan an matso gida, a ce raƙuman dawa na Kure, ko takwas ɗin da aka kwasa aka kai Gadabeji a 2018, ko gandun Termit da Tin Tumma da aka kafa a 2012 can arewa maso gabashin jiharmu. Da wannan tunanin ne ake cewa sai kyamara mai hoto 30 a daƙiƙa. Mu a nan ba mu da zaki. Abin da muke da shi wani abu ne daban, kuma duniya ta san da shi fiye da yadda mu muka san ta sani.

Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, ƙasar nan ta yi tsirara. Daga baya manomanmu suka riƙa barin tohon gawo da kalgo da sabara a gonakinsu, suna yi musu aski maimakon su tumɓuke, abin da ake kira sassaben zamani. Wani bincike da Mahamane Larwanou da abokan aikinsa, har da Chris Reij, suka fitar a 2006 ya ƙiyasta cewa a gundumomin Magarya, Matamaye da Mirya, waɗanda masana ke yi wa laƙabi da 3M, wannan farfaɗowa ta kai kimanin hekta miliyan ɗaya, yawanci gawo. A lokacin Dungas tana cikin Magarya, sai a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta, don haka gonakin Dungas suna cikin wannan lissafi. A faɗin kudancin Nijar an ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya yi wannan aiki a Maraɗi tun farkon shekarun 1980, ya samu babbar lambar yabo a Suwidin a 2018 tare da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso.

Yaya aka yi duniya ta yarda? Da hoto. Gray Tappan, wani masanin Amurka, ya ɗauko tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1975 ya jera su da na tauraron ɗan Adam na bayan shekara ta 2000, aka ga wuri ɗaya, can fili fetal, nan cike da itace. Gani ya kori ji. Amma a lura, iyayenmu ne suka yi aikin, baƙo ne ya ɗauki shaidar, kuma daga sama. Daga ƙasa fa? Ina hoton gonar kakanka a 1985 da za ka ajiye kusa da na bana? Ina hoton korama lokacin da tsofaffi suke cewa ruwanta ba ya yankewa? Idan yau wani ya ce tafkin garinku bai ragu ba, ko kacalla ba ta ci shi ba, ko masu gawayi ba su taɓa kurmin goribar nan ba, da me za ka ƙaryata shi a gaban magajin gari ko ma'aikatan gandun daji?

Irin wannan hoto ba ya bukatar gudu. Yana bukatar mutum ya tsaya wuri ɗaya, gindin kuka ɗaya, ya fuskanci gabas ɗaya, ya ɗauka a watan Janairu da watan Satumba, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa, ya rubuta rana da sunan wuri. Wayar hannu ma tana iya rabin wannan aiki. Sauran rabin, na tsuntsaye, shi ne ke son dogon ido. Kuma abin da zai hana shi yiwuwa ba rashin dabarar gane ƙwayar ido ba ne. Rashin kuɗin mai ne, da mutuwar batir, da kyamarar da ta lalace aka rasa mai gyara. Shi ya sa muke cewa a bar wani abu a aljihu bayan an yi sayayya.

Ku duba jerin abin da ke gabanmu. Shamuwa, wadda ke zuwa da goshin damina ta yi sheƙa a tsakiyar gari ba mai taɓa ta, ta ci fara a gonaki, da kaka ta tsallaka har kudancin Afirka. Sheƙa nawa ke garinku bana, nawa ne shekara biyar da suka wuce? Ba wanda ya rubuta, sai dai a ce "da sun fi haka". Ungulu, wadda a da ko wace mahauta sai an kore ta, tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa irin tamu ta gari a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Yaro ɗan shekara goma a Magarya, a tambaye shi yaushe rabonsa da ganin ungulu. Gauraka, wadda mawaƙa ke kwatanta sarauta da ita, yaushe rabon da a ji kukanta a fadamunmu? Burtu fa? Tuje fa? Duk wanda ya samu hoton ɗaya daga cikin waɗannan a gundumominmu biyu, da rana da wuri, ya riƙe abin da masana za su tashi tsaye a kansa. Kuma mafi yawansu tsuntsaye ne manya, masu tsayawa, masu tafiya a ƙasa. Ba tsattsewa ba ce da za a ce sai R7.

E, idan shaho ya kawo sura, ko garken agwagin Turai ya tashi gaba ɗaya, mai R7 zai dawo da hoto goma masu kyau, mai 90D ya dawo da uku ko huɗu. Mun yarda. Uku sun isa shaida.

Hoton kuma yana da inda za a kai shi. Tafkin Gidimuni ya shiga jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2019, na Lasuri tun 2005, duka a jiharmu. Ba a sa wuri a irin wannan jeri sai da bayanai a rubuce kan abin da ke rayuwa a cikinsa. A kowane watan Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama na duniya. Akwai eBird da iNaturalist, inda kowa ke iya ɗora abin da ya gani kyauta, masana su taimaka da suna. Maƙwabtanmu na Nijeriya suna da cibiyar binciken tsuntsaye a Jos, kuma samarinsu na Arewa suna zagaya ƙauyuka suna rubuta tsuntsayen kowane yanki. Dausayin Haɗeja da Nguru da ake ta zuwa kallo daga ƙasashen waje, tsuntsun da ya sauka can bai san da iyaka ba, ta kanmu yake bi. Muna da Jami'ar André Salifou a Damagaram, ɗalibanta suna neman abin rubutu. Fadamun Waca da na Guci ba su kasa wasu ba, masu rubuta su ne babu.

Wani gargaɗi a nan, kuma da gaske muke. Wata farar ungulu da masana suka liƙa wa na'ura a ƙasar Girka, suka sa mata suna Paschalis, ta ƙetare teku da hamada ta iso jihar Damagaram, a nan wani maharbi ya kashe ta a 2014 don a sayar wa masu tsibbu a Nijeriya. Kasuwar kan ungulu da ƙwanta tana nan da ranta. Saboda haka wanda ya samu sheƙar ungulu ko ta gauraka, kada ya hau Facebook ya ce ga ta a kan kukar da ke yamma da gari kaza. Ya sa hoton, ya faɗi gunduma, ya ɓoye wurin, ya kai cikakken bayanin ga ma'aikatan gandun daji. Neman a danna maka alamar so kada ya zama sanadin da za a hau itacen da dare.

Haka kuma mu tuna halin da ake ciki. Dogon ido a kafaɗa, daga nesa, ba kowa ne zai ce kyamara ce ba. Muna bakin iyaka, jami'an tsaro a faɗake suke, kuma suna da dalili. Kafin a shiga daji a gaida mai gari a faɗa masa abin da ya kawo mutum. A nemi 'yar takarda daga ofishin gandun daji. Kada a nufi bariki, shingen bincike ko ofishin iyaka da kyamara, ko da balbela ce ta sauka a kan rufin. Mata a bakin rijiya ko a lambu, ba a ɗaukarsu sai da izini. A wannan ɓangare ma mai kayan da ba su kai miliyan ba ya fi kwanciyar hankali, a kan hanya da cikin kasuwa.

Wani zai ce, to ai kyamarar ba ta daji kaɗai ba ce, da ita za a ci abinci. Gaskiya ne, kuma nan R7 tana da wani abu guda da muke ganin girmansa: kati biyu. Idan kati ɗaya ya mutu da hotunan ɗaurin aure a ciki, ɗayan yana nan. Wanda ya taɓa tsayawa gaban uwar amarya yana kame-kame ya san abin da muke nufi. Idan buki da bidiyo su ne kashi tara cikin goma na aikinka, daji kuma sai ranar hutu, kuma kuɗin sun isa, sayi R7, ba mu da ta cewa. Amma 90D ma tana ɗaukar bidiyo mai 4K, tana ɗaukar kokowa da hawan salla ba tare da ta ba ka kunya ba, maganin kati ɗaya kuma shi ne a sayi na asali, a kwashe hotuna duk dare.

Akwai ma hanya ta uku da ba a cika kawowa a gardamar ba, don samari suna ganin ba ta da kwarjini. Nikon P950 da P1000, waɗanda idonsu a manne yake ba a cirewa, suna jawo nesa fiye da duk abin da muka lissafa, ta farko sau 83, ta biyu sau 125. Farantinsu ƙarami ne, hotonsu da asuba ko da magariba ba ya kai na Canon ɗin nan biyu, kuma ba za su yi maka aikin buki yadda kake so ba. Amma ga malamin makaranta ko ƙungiyar ƙauye da burinsu kawai a san wane tsuntsu ne ya sauka, sun wadatar, kuma ba a buɗe cikinsu balle ƙura ta samu ƙofa.

Ga wanda ya yanke shawarar bin 90D ta hannu, kada ya aika, ya je da kansa, ko ya tafi da wanda ya san kan abin. Labulen kyamara yana da adadin bugun da aka ƙera shi ya ɗauka, na 90D kimanin 120,000 ne, don haka a sa mai shago ya haɗa ta da kwamfuta ya nuna nawa ta riga ta yi. A ɗauki hoton farin bango ko sararin sama da ƙaramar kafa, a buɗe shi da girma a nemi tabo. A haska cikin ido da tocila a duba ko akwai wani abu kamar saƙar gizo-gizo, domin kayan da suka kwana a Legas ko Kwatano danshi yana sa musu fumfuna, kuma wannan ba ya gyaruwa da araha. A ɗaura idon a kan uwar tun a shagon, a fita waje a gwada a kan hankaka ko shirwa, a ga ko saiti yana faɗawa daidai. A karɓi rasit mai lambar jikin kyamarar, saboda duwan da kuma ranar da za a tambaye ka inda ka samo ta.

Abu na ƙarshe da muke roƙo ba ya cin ko dala. Duk wanda ya ɗauko tsuntsu, kafin ya tambayi intanet sunansa na Turanci ko na Faransanci, ya kai wa tsoho a garinsu, maharbi ko makiyayi ko masunci, ya tambaye shi sunansa da Hausa, da Fulatanci ko Barbarci idan akwai, da lokacin zuwansa, da abin da yake ci. A rubuta wannan a ƙarƙashin hoton. Mu kuma a nan za mu riƙa sa su ɗaya bayan ɗaya da sunan garin da suka fito. Mu fara da shamuwa idan ta iso: kowane gari, daga Sasumburum har Dogo-Dogo, a ƙirga mana sheƙa nawa, a kan wane itace, a turo da ranar da aka ga ta farko.